Daga Kainji Zuwa Kara: Wa Ke Biyan Kuɗin Lafiyar Dam?

A watan Oktoban 2023 na je Kara gaida kawuna, wanda ya haura shekara 20 yana sayar da dusa da harawa a kasuwar shanun nan da ke gindin doguwar gada, a kan hanyar Legas zuwa Ibadan. Rana ta take, sama fes babu ko gizagizai, amma ruwa ya kai gwiwa a cikin rumfuna. An koro shanu da raguna an jera su a gefen babban titi. Yara na tura kwale-kwale a inda makon jiya ake tura baro. Na tarar da kawu a zaune kan 'yan buhunan da ya samu ya tsamo, ya naɗe wando har cinya, ya ƙulle wayarsa a leda ya rataya a wuya.

Na ce, "Sannu Kawu. Yaushe aka tafka wannan ruwa haka?"

Ya ce, "Wane ruwa, ɗan nan? Yau kwana huɗu ko yayyafi ba mu gani ba. Dam aka buɗe."

Sai ya jawo hannuna ya nuna mini dirkar rumfarsa. Ashe duk shekarar da ruwa ya shigo, yakan sa ƙusa ya karce iyakar inda ya tsaya. Zane-zane ne a jere, wani a idon sawu, wani a ƙauri, biyu sun wuce ƙugu. Babu shekara a rubuce, amma ya san kowanne da abin da ya ci masa.

Dam ɗin da yake nufi shi ne na Oyan, arewa maso yamma da Abeokuta, a kan kogin Oyan da ke zuba cikin kogin Ogun. Shugaba Shehu Shagari ne ya buɗe shi a watan Maris na 1983. Tafkinsa na ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 270, kuma an gina shi ne don Abeokuta da Legas su samu ruwan sha, a yi noman rani, a kuma samu wuta. Ruwan da matatun Iju da Adiyan ke tacewa daga kogin Ogun ake ɗibarsa, in rani ya tsananta wannan madatsa ce ke tallafar kogin. To amma in damina ta yi nisa tafki ya cika maƙil, dole a ɗaga ƙofofi, ruwan kuwa ba shi da wata hanya sai ta Isheri da Kara da Agiliti da Mile 12 da Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu, kafin ya faɗa lagun ɗin Legas, wato babban tafkin da ke haɗe da teku. Wanda ya san unguwannin nan ya san su wa ke kwana a cikinsu: masu shanu, 'yan gwari, 'yan dako, masu albasa da tattasai. Mutanenmu ne.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba duk ruwan da ke shiga Kara ne na dam ba. Akwai rafuka da yawa da ke zuba cikin Ogun a ƙasa da madatsar, babu mai ƙofar rufe su. Sannan in teku ta cika, lagun ba ya karɓar ruwan kogi da sauri, sai ya ja da baya ya kwanta a fadama. Fadamar kuma mun cike ta da gidaje da rumfuna. Amma kalmar da ke bakin kowa ita ce ta kawu, dam aka buɗe, domin shi kaɗai ne ɓangaren da hannun mutum ke juyawa.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba game da Oyan. Tun lokacin gininsa aka girka masa injinan wuta uku, kowanne megawat 3, jimilla 9, sai aka shafe shekaru gommai ba su haska ko ƙwai ɗaya ba. Wannan maganar ita ce ta sa ni wannan rubutu, zan kuma dawo kanta.

Bahaushen Legas da dam ba ta ruwan Kara kaɗai suka haɗu ba. Wutar da ke juya injin niƙa a Agege da firjin mai ƙanƙara a Idi-Araba daga tukunya ɗaya ake ɗebo ta, wato babban layin wuta na ƙasa. Tashar Egbin da ke nan Ikorodu, mai megawat 1,320, da gas take aiki, amma wani babban kaso na abin da ke cikin tukunyar, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku gwargwadon lokacin shekara, daga ruwa yake zuwa. Kainji a kan kogin Kwara, megawat 760, an gama ta a 1968. Jebba a ƙasanta, megawat 578, a 1985. Shiroro a kan kogin Kaduna, megawat 600, a 1990. Sai autarsu Zungeru, megawat 700, da aka kammala a 2023. Darajarsu ta wuce yawan abin da suke bayarwa. Injin ruwa cikin 'yan mintuna yake tashi, yana iya ƙarawa ko ragewa nan take, kuma ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya kunna kansa. Shi ya sa duk ranar da layin ƙasa ya durƙushe, abin da ya faru sau da dama a 2024, tashoshin ruwa na cikin waɗanda ake fara dogara da su a tayar da sauran.

Kainji ta haura shekara 55. Jebba ta kai 40. Wani rahoto da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya nuna yawancin manyan madatsun duniya, da yawansu ya kai kusan 58,700, an gina su ne tsakanin 1930 da 1970, kuma an tsara su su yi shekara 50 zuwa 100. Ke nan ba mu kaɗai ne muke da tsofaffi a hannu ba. Tambayar ita ce yadda ake jinyarsu.

Madatsar wuta kashi biyu ce, kuma kowane kashi da irin tsufansa. Akwai ɓangaren da ke kawo kuɗi, akwai ɓangaren da ke riƙe ruwa.

Na farkon shi ne injina. Ruwa na gangarowa ta ƙaton bututu ya bugi farfela, farfela ta juya janareta. Yau da gobe yashin da ke cikin ruwa na goge ƙarfen, ga kuma wasu ƙananan kumfa da ke tasowa suna fashewa a jikin farfelar, suna ƙwaƙule ta har ta yi ramuka kamar icen da gara ta ci. Rufin wayoyin janareta na bushewa ya tsattsage, man taransifoma na gurɓata, na'urorin sarrafawa su zama na da, har a rasa inda ake ƙera kayan gyaransu. Wannan tsufa ba ya ɓuya. Inji ya tsaya, megawat ya ragu, kuɗin shiga ya ragu, kowa ya gani a takarda a ƙarshen wata.

Na biyun shi ne bango da ƙofofi da makwararar da rarar ruwa ke bi, kuma shi tsufansa a ɓoye yake yi. Kowace madatsa tana yoyo, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da injiniya ke dubawa shi ne yawan yoyon da launinsa. In ruwan da ke tsattsafowa a bayan bango garai-garai yake, kuma bai ƙaru a kan na bara ba, lafiya. Ran da ya fara fitowa da laka, to bangon ne ke zubewa daga ciki, ruwa na haƙa wa kansa hanya kaɗan-kaɗan, har ranar da hanyar za ta buɗe gaba ɗaya cikin sa'o'i. Madatsar da aka gina da ƙasa tana da wasu maƙiyan da duk manomi ya sani: gara, gafiya, da saiwar bishiyar da aka bari ta girma a jikin bango, wadda in ta mutu ta ruɓe sai ta bar rami. Domin a ga abin da ido ba ya gani, tun ran gini ake binne na'urorin awon matsin ruwa a cikin bangon. Su ma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in ba a maye gurbinsu ba sai a wayi gari ana tsaron madatsa a makance. Kankare ma yana da ciwonsa: wani nau'in tsakuwa ba ya jituwa da siminti, sai ya riƙa kumbura a hankali tsawon shekaru har ya matse ƙofa ta ƙi motsi. Ƙofar kanta ƙarfe ce mai nauyin tan da yawa, tana son giris, tana son a sauya mata igiya da roba, a kare ta daga tsatsa, kuma injin ɗaga ta da wuta yake aiki. Daren da aka fi buƙatarta, daren hadari da iska, shi ne daren da wuta ta fi saurin ɗaukewa. Sai kuma laka da ke taruwa a ƙasan tafki kowace damina. Tafkin da takarda ta ce yana cin kaza, bayan shekara 40 ba ya cin haka, amma in ba a auna ba da tsohon lissafi za a ci gaba da aiki.

Duk abin da na lissafa a wannan ɓangare na biyu, gyaransa ba ya ƙara megawat ko ɗaya. Nan gizo ke saƙar.

Dubi Kariba, babbar madatsar da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe a kan kogin Zambezi, wadda aka gama a 1959. Ruwan da ke zubowa daga ƙofofinta shida ya yi ta dukan dutsen da ke gindinta har ya haƙa rami mai zurfin kusan mita 80, ramin kuma yana matsowa wajen harsashin bango. Ga kumburin kankare ya taɓa wurin ƙofofi. Aikin gyaran ya tashi a kan dala miliyan 294, kuma sai da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai da ƙasar Suwidin suka haɗa hannu kafin a same su. Babu ɗan kasuwar da zai zuba irin wannan kuɗi, don babu abin da zai sayar a ƙarshe sai rashin aukuwar bala'i.

A nan gida, a 2013 gwamnati ta ba da hayar manyan tashoshin ruwa na shekara 30: Kainji da Jebba ga kamfanin Mainstream, Shiroro ga North South Power. An karɓi Kainji injinanta da yawa a kwance, kuma tun daga lokacin an farfaɗo da su, wasu da rancen Bankin Duniya. Da ma gurbin inji 12 aka yi mata aka saka 8, yanzu an ɗauko aikin cike biyu daga cikin guraben da aka bari tun 1968. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya fi gina sabuwar madatsa arha nesa ba kusa ba: bango na nan, tafki na nan, layin wuta na nan, ba a tashi ƙauyen kowa ba. Wanda ya san yadda aka tashi mutum sama da 40,000 lokacin cika tafkin Kainji, tsohuwar Bussa ta nutse, ya san wannan ba ƙaramar riba ba ce. Ghana ma haka ta yi wa Akosombo, ta sabunta injinanta ta ɗaga ta daga megawat 912 zuwa 1,020 ba tare da ƙara tsawon bango ba.

A ganina madatsun da ke sayar da wuta su suka fi samun mai kula da su, don wanda injinsa ke ƙarƙashin bango ya fi kowa son bangon ya tsaya. Amma su ma akwai abubuwa biyu da ke damuna. Na farko bashi. Kamfanonin samar da wuta sun ce a 2025 abin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4. Wanda ba a biya shi cikakke ba, abin da ke kawo kuɗi gobe zai fara gyarawa, na ɓoye ya jira. Na biyun ya fi wuyar warwarewa, kuma a nan sauyin yanayi ya shigo.

Mai kula da tafki kullum tsakanin tsoro biyu yake. In ya rage ruwa da wuri don ya bar wa ambaliya wuri, sai damina ta yanke, ya shiga rani da rabin tafki, wuta ta ragu, kuɗi ya ragu, a zage shi. In ya riƙe ruwa har tafki ya cika, sai wani ruwan ya zo a ƙarshen Satumba, ba shi da zaɓi sai ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya a kan mutanen da ke ƙasa, a sake zaginsa. Abin da ke raba masa gardama jadawali ne da aka tsara tun farko, wanda ke cewa a wata kaza ruwa ya tsaya a tsawo kaza. Jadawalin kuwa an gina shi ne a kan tarihin ruwan shekarun da suka gabaci gini, bisa zaton gobe za ta yi kama da jiya.

Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa Kainji a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar kusa, mai laka, wanda ke cika wajen Satumba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, ya kwashe watanni a hanya, sai ya iso da sanyin hunturu. Wannan na biyun shi ke riƙe wutar Kainji da Jebba a tsakiyar rani. Dukkansu biyu sun nuna ba su da tabbas. A watan Yunin 1985, bayan farin shekarun nan, kogin ya daina gudu a Yamai ƙaf. A watan Satumban 2020 kuma, a wannan Yamai ɗin, ya kai tsawon da ba a taɓa aunawa ba, shinkafar Kebbi ta tafi a ruwa. Ƙasa ta zaizaye, daji ya ragu, ruwan sama na zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci, don haka abin da da yake nutsewa yanzu gudu yake yi zuwa kogi. Ga kuma Nijar na gina tata madatsar a Kandaji, wadda in ta kammala za ta sauya lokaci da yawan abin da ke isowa gare mu. Madatsar da aka auna wa makwarara da ruwan 1950 yanzu ana tambayarta ta ɗauki ruwan wani zamani.

Ta ɓangaren fari ma Kariba ta sake zama darasi. A 2024 tafkinta ya ja baya har mutanen Zambiya suka riƙa yin sa'o'i 20 da ɗoriya babu wuta a rana. Ta ɓangaren cika kuwa, Akosombon nan da aka sabunta wa injina, a watan Satumban 2023 aka fara sakin ruwanta, zuwa Oktoba garin Mepe da maƙwabtansa sun nutse, dubban mutane suka koma makarantu da zama. Bango bai fashe ba, ƙofofi sun yi aikinsu daidai. Abin da bai shirya ba shi ne duk abin da ke ƙasa da madatsar.

Mu kuma namu a jere suke kamar tsani. Abin da Kainji ta saki Jebba ce za ta karɓa. Abin da Shiroro ta saki Zungeru zai faɗa, sannan kogin Kaduna ya haɗu da Kwara wajen Pategi, su gangara Lokoja su tarar da Binuwai ɗauke da abin da madatsar Lagdo ta Kamaru ta sako. In kowa ya buɗe a mako guda, to an san sakamakon. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu. Ta 2022 ta kashe sama da 600. Ba madatsu kaɗai suka jawo su ba, amma yadda ake jera sakin ruwa, wa zai fara, wa zai jinkirta kwana uku, yana iya rage ƙwanƙolin ambaliya ko ya ƙara shi.

Yanzu a koma kan waɗanda ba sa sayar da komai. Najeriya na da ɗaruruwan madatsu, yawancinsu na ruwan sha da noman rani ne, a hannun jihohi da hukumomin raya kogunan nan 12. Abincinsu kasafin kuɗi, kuma kowa ya san a kasafi sabon aiki ne ke da farin jini, giris da fenti da albashin mai karanta ma'auni su ake fara yankewa. Madatsar Alau irin wannan ce. An gama ta a 1986 a kan kogin Ngadda, ta taɓa cin Maiduguri a 1994. A daren 10 ga Satumban 2024 ta sake ɓallewa. Duk wanda ke Legas yana da ɗan'uwa a Gwange ko kusa da Kasuwar Monday ya tuna yadda aka kwana ana buga waya ba ta shiga. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga gidan namun daji da gidan yari. Bayan haka gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta, ta kuma kafa kwamitin duba lafiyar madatsun ƙasar nan. Kano ta ga irin wannan a Bagauda a 1988. Shekara guda kafin Alau, a Satumban 2023, madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 suka fashe a saman birnin Darna na Libiya cikin dare, sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai ba a gan su ba har yau, alhali masana sun daɗe suna rubuta gargaɗi a kan tsagewarsu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba babbar tashar wuta ba ce. Madatsu ne marasa kuɗin kansu.

Abin da ya sa injinan Oyan suka tsaya mini a rai ke nan. Ba ina cewa megawat 9 zai hana Kara nutsewa ba, ruwan da inji ke sha kaɗan ne a kan abin da Oktoba ke kawowa. Amma madatsar da ke sayar da wuta tana da abin shiga kowane wata, tana da injiniyoyin da ke kwana a wurin, tana da dalilin sakin ruwa a hankali tun farkon damina maimakon a ga kamar asara ake yi. Haka Ikere Gorge da ke saman kogin Ogun kusa da Iseyin, ita ma an tsara mata wuta ba a kai ga samu ba. Dadin Kowa a Gombe ta yi shekaru sama da 30 a haka kafin a saka mata injinan megawat 40. Yanzu dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, Legas ta yi tata dokar a ƙarshen 2024. Mai saye ba zai yi wuya ba a yankin da masana'antu ke ƙona dizal dare da rana. Abin da nake so a rubuta a cikin duk yarjejeniyar da za a yi shi ne wani kaso sananne na kuɗin kowace wuta da aka sayar ya tafi asusun bango da ƙofa, asusun da ba a taɓa shi don wani abu daban.

Da wannan kuɗi me za a yi? Wani ɓangaren aikin siminti ne da ƙarfe: a sake lissafin ambaliya mafi girma da ruwan yanzu, in makwarara ta yi kaɗan a faɗaɗa ta ko a yi mata ta biyu, a sa wa kowace ƙofa janareta na ko-ta-kwana da hanyar ɗagawa da hannu, a riƙa gwada su kafin damina. Amma ɓangaren da ya fi arha shi ya fi saurin ceton rai. Ma'aunan ruwan sama da na kogi a saman madatsa, masu aiko da saƙo kowace sa'a, su ke ba mai kula da tafki damar ganin ruwa kwana uku ko biyar kafin ya iso, ya fara ragewa a hankali. Hukumar NiMet na hasashen damina, NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, saura a ɗaura wannan da hannun da ke juya ƙofa, jadawali ya riƙa bin hasashe maimakon kalandar 1983. Akwai kuma dabarar shimfiɗa faifan sola a kan tafki, kamar yadda Ghana ta fara a Bui. Da rana sola ta ɗauki nauyi, da dare ruwa ya karɓa. Wanda ke da wannan ba ya jin tsoron rage tafki kamar wanda ruwa ne kaɗai jarinsa.

Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 a Satumban 2024 don wani shiri da ya haɗa lafiyar madatsu da noman rani da tsara wutar ruwa a Najeriya. Madalla. Sai dai rance yana da ranar ƙarewa, gara kuwa ba ta hutu. Kuma akwai gyaran da kuɗi ba ya yi. A yanzu ma'aikatar da madatsun tarayya ke ƙarƙashinta ita ce kuma mai duba su, ƙudirin dokar albarkatun ruwa ya sha maƙalewa a majalisa saboda rigimar wa ke da iko da koguna. Afirka ta Kudu tun 1986 take da tsarin da ke tilasta wa mai madatsa ya kawo ƙwararre daga waje ya duba ta lokaci-lokaci. Ba sai an warware rigimar mallakar kogi ba kafin a yi wannan. A ware maganar lafiyar madatsa ita kaɗai, a ba ta mai duba mai zaman kansa, rahotonsa kuma a buga shi kowa ya karanta, domin wanda ke kwana a ƙasan bango yana da haƙƙin sanin halin da bangon ke ciki.

Mu ma da namu. Fadamar Ogun hanyar ruwa ce tun kafin a haifi kakanninmu, kuma duk wanda ya cike ta da ƙasa ya yi gini ya tura ruwan ne gidan maƙwabcinsa. Manyan rukunin gidajen Isheri sun yi haka, mu ma da rumfunanmu da sharar da muke zubawa a magudana mun taimaka. Ba na ganin Kara za ta tashi gobe, can abincin dubban mutane yake. Abin da zai yiwu shi ne a zana taswirar da ke nuna in an saki ruwa kaza, ga inda zai kai, cikin sa'o'i kaza, a kafa ginshiƙai masu fenti a kasuwa da bakin unguwa yadda ko wanda bai yi boko ba zai gane. Ana fitar da sanarwa, gaskiya ne, amma sanarwar da ta fito da Turanci a jarida tana maganar kubik mita ba ta isa rumfar mai dusa. Hanyar da saƙo ke bi ya iso gare mu sananniya ce: Sarkin Hausawa, shugabannin kasuwa, lasifikar masallaci bayan sallar Isha, saƙon murya a WhatsApp da Hausa da Yarabanci da Fulatanci.

Kafin in bar Kara ran nan na tambayi kawu ko ya taɓa tunanin komawa gida. Ya girgiza kai, ya ce gidan ma a ƙasan dam ɗin Tiga na Kano yake. Na ce to me zai fi so a yi masa.

Ya ce, "Kwana uku kawai, ɗan nan. A ce mini nan da kwana uku ruwa zai kai nan," ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin zanen dirkar, "ko nan. In na sani, mota ɗaya ta ishe ni in kwashe kayana."

Da ruwan ya janye bayan makonni, ya ɗauko ƙusa ya ƙara zane na uku a saman ƙugu.